Zanen Da Ya Tsira Daga Hannuna

Zuwa ga 'yata Rakiya, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga uba zuwa ga 'yarsa, ko da yake tsakanin ɗakina da naki bai fi taku goma ba, kuma tun safe nake jin kina jan akwatuna. Allah ya sa aikin nan da aka tura ki Kalaba ya zame miki alheri, ya tsare ki a hanya, ya sauke ki cikin mutanen kirki. Maganar salla da kamun kai da cin abinci a kan lokaci mahaifiyarki ta yi miki, ta maimaita, na kuma ji tana shirin yin ta uku, don haka na bar mata wannan fagen. Ni a kan kwalin nan mai faɗi zan yi magana, wanda na ɗaure da igiya na ajiye a kan gadonki. Na zaɓi rubutu ne saboda in na fara da baki Hajiya mahaifiyarki za ta karɓe zancen ta ƙara masa gishiri, alhali wanda ke ciki ma ya isa.

Abin da ke cikin kwalin zanen gidanmu ne na tsohuwar Kado, inda aka haife ki. Kin san gidan babu shi, katafila ta bi ta kansa kina sakandare. Hotunan da muka ɗauka a can duk na mutane ne, ranar suna da ranar Salla, ba wanda ya yi tunanin ya ja da baya ya ɗauki gidan kansa. Wannan takarda ita kaɗai ta rage. Zane biyar na saya a hannun mutumin da ya yi ta. Huɗu sun lalace, ba gobara ba ce, ba ɓarawo ba ne, ni ne da hannuna. Ga shi za ki tafi da na biyar garin da ruwan sama ba ya hutawa, in kuma ya lalace babu inda za a samo wani. Shi ya sa zan faɗa miki yadda na yi da kowanne, ke kuma ki kauce.

Shekarun farko ne bayan soja sun koma bariki. Kuɗi ya shigo gari, duk inda ka juya gini ake yi, wayar salula ta fito, kowane matsakaicin ma'aikaci irina yana jin gobe shi ne darakta. Wata Asabar na kai ku bakin tafkin Jabi shan iska. Kuna can kuna guje-guje na hangi wani mutum a gindin bishiya, allo a kan cinya, gwangwanin madara cike da ruwa a gefe, yana tsoma burushi yana shafawa a takarda. Sunansa Bulus. Fentin ruwa yake yi, wato kala ce ake jiƙawa da ruwa a shafa a kan takarda mai kauri, ta bushe a bar ta haka. Babu wani abu da ke rufe kalar. Da za ki ɗiga mata ruwa yau, bayan shekara goma sha wani abu, za ta tashi kamar yanzu aka shafa ta. Wannan ban san shi ba a lokacin, ban kuma tambaya ba.

Cikin waɗanda ya jera a tabarma akwai na kasuwar kifi ta Kado. Mutanen ciki ba su da fuska, ɗigo ne da jan burushi, amma na gane rumfar da nake sayen tarwaɗa. Na tambayi kuɗi ya faɗa. Sai na yi masa abin da nake yi wa masu kifin: na raba kuɗin biyu, na ce ai takarda ce kawai, na kushe nan na kushe can, sannan na juya na kama hanya a hankali ina jiran a kira ni. Ba a kira ni ba. Na kai har wajen mota, na tsaya na gyara hula, na dawo. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Oga, wannan ba kifi ba ne. In ya kwana ba zai yi wari ba." Na biya abin da ya faɗa tun farko, na tafi da zanen da kuma kunyata.

In wata rana kin ga zanen da ya shiga ranki, kada ki kushe shi don ki samu ragi. Mai kanti bai ƙera kayansa ba, in kin kushe ba ya jin zafi. Wannan kuwa shi ya yi, yana zaune yana jin ki. In kuɗin ya fi ƙarfinki ki faɗa masa haka, ki tambayi ƙarami. Ki fito da takardar cikin haske, ki karkata ta: na hannu za ki ga layin fensir a ƙarƙashin kalar, da inda ruwa ya taru ya bushe ya bar baki, takardar ma ta ɗan lanƙwasa. Na inji sumul yake ko'ina. Ki sa ya sa hannu, ya rubuta wuri a baya da fensir, ba biro ba. Sannan ki tambaye shi yadda ake ajiye shi. Ni girman kai ya hana ni, ina mai digiri ban ga abin da mutumin gindin bishiya zai koya mini a kan takarda ba, tunda takarda ce sana'ata.

To ga abin da sana'ar ta koya mini. Mu ma'aikatan gwamnati duk takardar da muke ƙauna laminetin muke yi mata. Shaidar digiri, takardar ɗaukar aiki, takardar haihuwa, katin asibiti, in da hali da takardar aure ma sai mun rufe ta da leda. Ranar Litinin na ɗauki zanen na kai shagon fotokofi kusa da sakateriya. Matar da ke wurin ta juya shi ta ce, "Oga, ka tabbata? Wannan kamar ba satifiket ba." Na ce ta yi aikinta. Ta zura shi a inji, ya fito ta ɗaya gefen da zafi, yana ƙyalli kamar takardar jerin abinci a otal. Wallahi daɗi na ji. Na kawo gida na nuna wa mahaifiyarki cewa yanzu ko shayi aka zubar a kai ba abin da zai same shi.

Bai shekara ba ledar ta fara yin rawaya, iska ta taru a ciki ƙulu-ƙulu. Na ce bari in ɓare in sake sabo. Na sa reza a kusurwa na ja, sai rumfar mai tarwaɗa ta biyo ledar, takardar ta tsaya fara fat. Na tsaya da rabin kasuwa a hannun dama, rabi a hagu. Asabar ta gaba na je wurin Bulus, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, can na ce wai wani abokina ne ya yi wa irin wannan zane laminetin, ko akwai gyara. Ya ajiye burushi ya ce, "Babu gyara, oga. Ya mutu ke nan. Wannan abokin naka, abeg, kada ka kawo shi wurina." Na ce ai dama ba ma shiri sosai. Kada ki bari wani abu mai zafi ko mai manne wa ya taɓa fuskar zanen nan, ko leda, ko salatif, ko man ƙyalli da kafintoci ke shafa wa katako. Duk wanda ya ce miki zai ƙara masa ƙarko, ki gode masa ki naɗe kayanki.

A ranar na sayi na biyu, na tafkin Jabi da safe, da kwalekwale biyu. Ina jin don in wanke laifi na saye shi. Wannan na sa masa firam da gilashi, na rataye a falo daidai inda duk mai shigowa zai gani, wato fuskantar babbar tagar nan ta yamma. Kullum daga azahar zuwa la'asar rana na kansa. Abin ba ya faruwa a rana ɗaya, shi ya sa ban lura ba. Bayan damina biyu mahaifiyarki tana shara ta tsaya ta ce, "Alhaji, tafkin nan naka fa ya ƙafe." Na ce idonta ne. Da ta fita na sauke shi na buɗe bayan, sai ga gefen da firam ya rufe yana nan da kalarsa shar, tsakiyar kuwa ta koɗe ta koma ruwan toka. Kalar da rana ta sha ba ta dawowa. Ki nemi bangon da hasken rana ba ya sauka a kansa ko da na rabin awa ne. In ɗakinki duk taga ne, ki sa labule mai kauri, ko ki rataye shi a lungu, baƙi su taka su je su gani.

Na uku shi ya fi ci mini rai, domin a gabana aka yi, har da taimakona. Zanen matan Gbagyi ne su uku, ɗauke da itace a kafaɗa, sun juya baya suna gangara wata hanya. Shi ne mahaifiyarki ta yarda a rataye ba tare da dogon bayani ba, ta ce tunda ba su kallon kowa. Na kai shi wurin wani mai firam a bayan tashar Jabi, wanda aikinsa hotunan manya da allunan ayoyi da takardun yabo na ofis. Yana da wani firam shiryayye mai ruwan gwal, na gani na ce shi nake so. Aka gwada, takardar ta fi firam ɗin tsawo da yatsa uku. Mutumin ya ce, "Ba matsala, Alhaji, sai mu rage mata." Ya ɗauko reza, ni na danne masa rula. Abin da ya faɗi ƙasa shi ne farin gefen da Bulus ya sa hannu, ya rubuta sunan ƙauyen. Na ga guntun a ƙasa, na ga sa hannun, na ce a raina ai na san wanda ya yi. Ya shafa gam ɗin kafinta a filawud, ya manna takardar, ya bi ta da tafin hannu, ya kifa gilashi kai tsaye a kanta, ya buga ƙusoshi. Minti ashirin an gama, har na yaba masa saurin aiki.

Na kawo gida, kuma da yake na yi hankali da rana, sai na zaɓi bango mafi duhu a gidan. Bangon da ke bayan banɗaki ne. Da damina ta yi nisa, ɗige-ɗigen funfuna suka fito a saman zanen kamar an watsa masa barkono. Gam ɗin ya huda takardar ya fito a fuska, ruwan ƙasa, layi-layi yadda aka shafa shi. Da na zo ɗaga gilashin, zanin ɗaya daga cikin matan ya manne a jikinsa ya taho. Ban iya raba takardar da katakon ba, ban iya raba kalar da gilashin ba. Na sa shi a bayan kabad, gara ta ƙarasa.

Saboda haka ban sa wa naki firam ba. Gilashi ba ya son doguwar hanya, ni kuma na daina yarda da zaɓina. In kin isa kin huta, ki nemi mai firam, kuma kafin ki buɗe masa kwalin ki tambaye shi yadda zai riƙe takardar. In ya ambaci gam, ki yi masa sallama. Wanda ya san aikin, da 'yan guntayen takarda biyu zai rataye ta daga sama ta baya, a jikin farin kwali mai kyau, ya bar ƙasan sake, domin takarda tana miƙewa da damina ta tsuke da rani, in aka ɗaure ta ko'ina sai ta yi kumburi. Sai ya yanka taga a wani kwalin mai kauri ya ɗora a kai, yadda gilashin zai zauna a kan kwalin, ba a kan kalar ba. Kwalin fari ko mai ruwan madara, ba na katan ɗin taliya ba, shi ma yana sa takarda rawaya. A yi firam daidai da zanen, ba a rage zane don firam. Ki tsaya a wurin har a gama. Kada ki ce kina jin nauyin ki yi wa babba gyara a shagonsa, ni jin nauyin da son gwal ne suka sa na riƙe rula.

Wurin ratayewa kuma, ki shafa bangon da bayan hannu. In kin ji sanyi-sanyi, akwai laima, ki canza. Ban da bangon banɗaki, ban da na kicin, ban da ƙarƙashin esi. Ki sa a liƙa 'yan ƙananan katako a kusurwoyin baya don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango. Na san kin gaji mahaifiyarki wajen turaren wuta, kaskon ya yi nesa da shi, hayaƙi yana samun hanyar shiga inda ba ki zata ba. In za a goge gilashin, a jiƙa tsumma kaɗan a goge, kada a fesa ruwa a jiki, yana gangarawa ya shige ta ƙasa. Ki riƙa dubawa duk wata da damina. In kin ga ɗigo, kada ki wanke, kada ki shanya a rana, kada ki sa dutsen guga. Dukkan ukun sun zo mini a rai a lokacin nawa, biyu na gwada.

Na huɗu ban lalata shi da reza ko rana ba, kyauta na yi da shi. Dutsen Zuma ne hadari ya rufe kansa, kuma a cikin biyar ɗin shi ya fi kyau, ko Bulus sai da ya ɗan yi jim kafin ya miƙo mini. A ofis na rataye shi. Lokacin ƙarin girma ya matso, sai wata rana daraktanmu ya leƙo neman wani fayil, idonsa ya faɗa kai, ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau." Kin san al'adarmu, in babba ya yaba abu sai a ce ai naka ne, ranka ya daɗe. Na faɗa, kuma ban tsaya a faɗa ba, na hau kujera na sauke. Ba zan ɓoye miki ba, jerin sunayen ƙarin girman yana raina lokacin da nake saukewa. Na bi shi da zanen har ofishinsa. Yana waya, ya ɗaga mini hannu, ya nuna wa sakatariyarsa da haɓa inda za ta ajiye.

Bayan shekara ɗaya da wani abu aka yi masa canjin ma'aikata, aka sa ni cikin masu duba kayan da ke sito. A bayan wasu matattun injinan fotokofi na gan shi, jingine a ƙasa, gilashin ya tsage, ruwan da ke ɗiga daga silin ya bi ta tsagar. Dutsen ya narke ya gangaro, abin da ya rage wani tabo ne mai kama da zubar shayi. Mutumin bai yi mini laifi ba, yabo ya yi irin na wucewa, ni na ɗauke shi da nauyi. Ƙarin girman kuma ya zo a lokacinsa tare da na kowa, har da waɗanda ba su ba shi ko goro ba. Za a shigo ɗakinki a yaba zanen nan, shugabarki a wurin aiki, ko matar mai gida, ko wata rana dangin miji. Ki ce kin gode, ki kawo musu lemo. Kalmar nan ta "ai naki ne" ki haɗiye ta, in an ce ba ki da kara ki ce daga babanki ne.

Yanzu na biyar. Ranar da aka zo aka shafa jan fenti a bangayen layinmu, alamar rusau, na je Jabi na ɗauko Bulus a mota. Safiya biyu ya yi a kan bencin mai shayin da ke tsallaken titi. Ni a raina gidan zai fito tsaf, kamar na cikin kalanda. Da ya miƙo mini sai na ga kwanon rufin da facinsa, da duron ruwa a ƙofa, da shanyar kayanku a igiya, da mangwaron da ya karkata kan katanga, ga kuma jan gicciyen masu rusau ɓaro-ɓaro a gefen ƙofa. Raina ya ɓaci. Na ce ya cire jan alamar. Ya ce, "Oga, fentin ruwa ba ya gogewa. Kuma yana wurin lokacin da na zo." Na karɓa ba godiya, na jefa shi saman kabad, muka shiga hidimar tashi.

Daga nan ban sake ganin zanen ba, na ɗauka ya bi gidan. Sai watan jiya, mahaifiyarki tana fito miki da atamfofi daga ƙasan babban akwatinta, ta zaro shi a tsakanin farin ƙyalle biyu. A kwance yake, a duhu, ba wanda ya taɓa shi tsawon shekarun nan. Ganyen mangwaron kore shar, har ɗan siket ɗinki na makaranta yana nan a igiya. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce, "Alhaji, da ka so shi ai da tuni ka kashe shi." Na zauna na daɗe ina kallon zanen, kuma jan alamar da na tsana ita na fi kallo, domin haka gidan yake a makonmu na ƙarshe. Na ji kewar gidan nan fiye da yadda na zata.

A hanya ki ajiye kwalin a kwance a kujerar baya, kada a ɗora masa komai, kada a naɗe shi, kada ya shiga but kusa da jarkar man gyaɗan da Hajiya ta haɗa miki. In za ki ɗauki takardar, ki wanke hannu ki bushe, ki riƙe ta gefe.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Bayan mun tashi daga Kado na daina zuwa bakin tafki, da na koma kuma babu Bulus. Wani mai tsire ya ce mini ya koma garinsu, Uke, ciwo ya shanye masa ɓarin dama. Sai da na yi ritaya, shekara biyu ke nan, na shirya na je. Na same shi a kujera a ƙofar gida, hannun daman a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya gane ni tun daga nesa. 'Yarsa ta kawo ruwa, muka yi hira. Na duba bangon ɗakinsa, kalandar coci ce kawai. Ashe duk abin da ya zana ya sayar, ko ɗaya bai ajiye ba, da su ya yi kuɗin makarantar yara.

Da na tashi tafiya ya ce, "Oga, biyar ne a wurinka, ko? Kasuwa, ruwa, mata, dutse, da gida. Suna nan?" Bai manta ko ɗaya ba. Na ce, "Suna nan, Malam Bulus, kamar jiya aka yi su." Bakina ne ya faɗa kafin in yi shawara da shi, a lokacin kuwa ko na gidan ban san yana raye ba. Fuskarsa ta washe. Ya ce in taimaka in kawo su ya gani sau ɗaya, in koma da abina. Ya ce jikokinsa sun taso sun same shi a kujera, in ya ce musu shi mai zane ne sai su yi dariya, suna tsammani wasan kaka ne. Na ce mako mai zuwa in Allah ya yarda. Sau biyu na kama hanya hannu wofi da niyyar in faɗa masa gaskiya, sau biyu ina kaiwa Masaka ina juyowa.

Motar da za ta kai ki ta Uke za ta bi, na riga na faɗa wa direban zai tsaya. Ki tambayi masu soya kifi a bakin titi gidan Baba Bulus mai zane, za a nuna miki. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce ke ce 'yar mai gidan Kado. Ki sa a kira jikokin. Ki kwance igiyar a inuwa, ki ɗora masa takardar a cinya. Duk dokokin da na kafa miki a kan taɓawa ba su hau kansa ba, ya riƙe yadda ya ga dama da hannun da ya rage masa.

Zai tambayi sauran huɗun. Kada ki ce suna gida, kada ki kare ni. In bakinki ya yi nauyi, ki karanta masa wasiƙar nan tun daga farko, kada ki tsallake komai. Na san ni ya kamata in je, na kuma san ba daidai ba ne uba ya aiki 'yarsa ta ɗauki kunyarsa. Na gwada na kasa, kunyarsa nake ji, ina kuma tsoron ganin fuskarsa in ya ji. Idan kuma kika ga alamar yana so a bar masa zanen, shi kaɗai na cire daga waɗanda na ce ki hana. Ba zai roƙa ba, na san halinsa, sai dai ki gani a yadda zai miƙo miki. Gidan haihuwarki ne, aikin hannunsa ne, ni ba ni da bakin magana a tsakaninku. Abin da kika yanke na karɓa.

Allah ya kai ki lafiya, ya kare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum, ya sa ki fi ubanki iya riƙon abin da aka ba ki. Allah ya ba Bulus sauƙi, ya sa ya yafe mini. In kun bar Uke ki sa direba ya tsaya a gefen titi ki kira ni. Zan kasance a gida, wayar tana hannuna. Ki faɗa mini abin da ya ce yadda ya faɗa, kada ki gyara.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.